Zuwa ga Alhajin da ya tambaye ni nawa aka biya ni

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Ranar Asabar a taron 'yan kasuwa ka miƙe gaban jama'a ka ce in faɗi nawa aka biya ni, tunda na ce ƙarancin P/E, wato ma'aunin da ke gwada farashin hannun jari da ribarsa, bai isa a kira hannun jarin kamfanin bututun gas mai araha ba. Aka yi dariya, na haɗiye. Amma maganar ta ƙi wuce mini.

Na tsufa ina koyar da lissafin kuɗi a Sakkwato, ɗalibaina suna bankunan garin nan. Ka kuma ga tsohon babur ɗin da na jingine kusa da jif ɗinka. In biyana ake yi, lallai masu biyan sun iya rowa.

P/E ba asiri ba ne: farashin hannun jari ne a raba da ribar da ya kawo a shekara. Ka ɗauka an yi maka tayin rijiyar burtsatse a Mabera, naira miliyan 10, 'yan garuwa na layi da kurarsu tun asuba, ribar shekara miliyan 1. P/E ɗinta 10 ke nan. To in akwai bashin banki a kanta, kuɗin ruwan bashin na shirin tashi, famfon kuma ya fara tari fa? Lambar tana nan 10, arahar ce ta gudu. Kamfanin bututu haka yake. Kuɗin dakon mai da gas yake karɓa, shimfiɗa bututun kuwa galibi da bashi ake yi. Dubi na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2020, ka ƙiyasta abin da irinsa ke ci. A Disambar 2015 Kinder Morgan na Amurka, babba a wannan harka, ya zaftare kashi 75 cikin ɗari na ribar da yake raba wa masu jari, don bashi ya sha masa kai. Gas bai daina bin bututunsa ba a ranar.

Cewar da ka yi ban taɓa sayar da ko buhun albasa ba, gaskiya ce, na bar maka.

Abin da ban gane ba shi ne zafin da ka ɗauka. An ce kana tara kuɗin mutane za ka saya musu hannun jarin waje. An ce ne, ban gani ba. Sai dai mun ga yadda MMM, tsarin nan na damfara da sunan zuba jari, ya yi da mutane a 2016, da alƙawarin kashi 30 a wata, har da masu fansho. Lokacin ma duk wanda ya ce a bi a hankali, mahassadi aka kira shi.

Asabar mai zuwa ina nan. Ka zo da rahoton shekara na kamfanin, mu buɗe shafin bashi gaban mutanen da suka yi dariya.

Wassalam.