Zuwa ga Shugaba Tinubu: ɗan gidan kasuwa, me kasuwa ta yi maka?

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Ni hatsi nake saye a Dawanau in tura kudu, don haka maganar kasuwa zan yi da kai, tunda kai ma ɗan gida ne. A hannun Alhaja Abibatu Mogaji ka tashi, shugabar matan kasuwar Legas har Allah ya karɓi ranta a 2013, yanzu kuma 'yarka Folashade ce a kujerar. Ba sai wani daga Bankin Duniya ya koya maka abin da kuɗin mota yake yi wa mudun masara ba.

To me ya sa ranar 29 ga Mayun 2023, ko zama ba ka yi ba, ka ce tallafin mai ya tafi? Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce dubu. Na san yaranka za su ce ai tirela dizal take sha. Haka ne, amma akori-kurar da take ɗauko buhu daga ƙauye da a-daidaita-sahun da zai kai shi unguwa fetur suke sha, ga shi a watan Yuni an saki naira, taya da batir da kayan gyara duk suka yi tashin gwauron zabi, direba ya ɗora min, ni na ɗora wa mai awo, ita kuma ta ɗora wa wa? Matar da a da take auna tiya biyu yanzu gwangwani take nema, ta kwance bakin zani ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta ce a rage mata.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne 2012. Jonathan ya kai lita 141 daga 65, kai ne ka fito ka ce ya karya alƙawarin da ke tsakaninsa da talakawa. Ashe 141 ce cin amana, dubu kuwa gyara ce. Madalla!

Ba wanda yake musun ka sha gwagwarmaya. Sanata a 1992, ƙungiyar NADECO mai adawa da mulkin soja, gudun hijira zamanin Abacha, gwamna daga 1999 zuwa 2007, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas ba ka durƙusa ba. Ka ce emi lokan, wato lokacinka ne, a Abeokuta, muka ce to, fiye da rabin ƙuri'unka daga Arewa suka fito. Wanda ya iya wannan duka ba zai ce shirya wa talaka abin hawa kafin cire tallafi ya gagare shi ba.

Albashin dubu 70 na ma'aikata ne, mai awo ba ta da albashi. Dubu 25 ɗin da aka ce za a raba wa gidaje miliyan 15, ni dai a layinmu ban ga wanda ya samu ba. Maganar rufe iyakar Nijar da abin da ya yi wa 'yan Jibiya da Illela kuma sai wani jiƙon.

Don Allah Baba, abu biyu nake roƙo. Motocin CNG masu amfani da iskar gas da ka yi alƙawari su iso kasuwannin ƙauye tare da wurin shan gas ɗinsu, kar a tsaya kan ƙaddamarwa a Abuja. Sannan a kwashe shingayen karɓar kuɗi tsakanin Kano da Legas, wannan ko kasafi ba ya buƙata, umarni kawai za ka bayar.

Naka,
Wani ɗan kasuwar hatsi daga Kano