A zo mashigar Likoni da asuba kafin a ce cunkoson Mombasa ya ƙare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne kan shirin da kuka gabatar game da Mombasa ta ƙasar Kenya. An yaba farin rairayin Diani, an yaba ganuwar Fort Jesus da Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1593, kuma garin ya cancanci yabon. Inda na kasa yin shiru shi ne da aka ce sabuwar hanyar Dongo Kundu ta kawo ƙarshen wahalar zirga-zirga. Shekarata tara a Likoni, kullum da safe sai na tsallaka ruwa zuwa shagon da nake sayar da yadi a cikin gari, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tsakiyar Mombasa tsibiri ce, manyan ƙofofinta uku. Ta yamma akwai Makupa, ta arewa akwai gadar Nyali, ta kudu kuwa, wajenmu, babu gada sam. Manyan jiragen dakon kaya masu shiga tashar Kilindini ta wannan mashiga suke bi, don haka gadar da ba ta da tsawo sosai za ta tare musu hanya. Shi ya sa tun 1937 jirgin fito ne ke ɗaukar mutane da motoci. Faɗin ruwan bai wuce kusan mita 500 ba, daga wannan gaɓa kana hango mutanen waccan. Amma a kan wannan ɗan taƙin ruwa ake tsallakar da mutum wajen 300,000 a rana. In babban jirgi ya doso tasha, dole jiragen fito su dakata har ya wuce, mu kuma muna tsaye a rumfa, kafaɗa da kafaɗa, cikin zafin bakin teku mai sa riga ta jiƙe tun rana ba ta fito ba.

Ranka ya daɗe, da za ka dubi wannan taro da kyau, za ka ga mutanen da yawon buɗe idon ya dogara a kansu. Masu dafa abinci a otal, masu wanki da guga, masu gadi da suka kwana a bakin aiki za su koma gida, mata masu zuwa sarin kayan miya a kasuwar Kongowea, leburorin tasha, ga yara 'yan makaranta da jaka a baya. Mai ƙafa ba ya biyan ko sisi a jirgin, wannan alheri ne kuma ba zan ɓoye shi ba. Sai dai da an buɗe ƙofa, kowa gudu yake yi don kada jirgin ya cika ya bar shi, domin latti na iya raba mutum da aikinsa. Wata safiya da hannuna na ɗaga wata dattijuwa da aka ture a kan gangaren shiga jirgi, kayanta sun watse, mutane na tsallake ta. Ban ga mugunta a fuskar kowa ba, turowar da ke bayansu ce ba ta bari a tsaya. Ita ma ba ta zagi kowa ba, ta tattara abin da ya saura ta shiga.

Mutanen Likoni ba sa shiga wannan jirgi da sakakkiyar zuciya, kuma suna da dalili. A watan Afrilun 1994 jirgin fito na Mtongwe, wata mashigar da ke kusa da Likoni, ya nutse dab da gaɓa, mutum fiye da 270 suka rasu. A watan Satumban 2019 wata mota ta zame daga bayan jirgi tsakiyar ruwa, da uwa da 'yarta a ciki, jama'a na kallo babu abin da aka iya yi. Har yau in jirgi ya tsaya cak a tsakiya, sai ka ji salati ta ko'ina.

To, ga Dongo Kundu. An buɗe ta a 2024 da rancen ƙasar Japan, ta tashi daga Miritini ta kewaye tsibirin ta ɓulla gundumar Kwale. Baƙon da ya sauka a filin jirgin sama na Moi, ko ya zo a jirgin ƙasa daga Nairobi, yanzu zai isa Diani ba tare da ya shiga gari ko ya ga jirgin fito ba. Layin motoci a mashiga ya ragu, ni shaida ne, kuma masu otal na kudu sun ji daɗi. Amma wanda ba shi da mota fa? Mai gadin da ke kwana a Likoni yana aiki a titin Digo na cikin gari ba zai biya kuɗin mota ya yi doguwar kewaya don isa inda yake hangowa da idonsa ba. Yana nan a rumfa inda aka bar shi. Gadar ƙafa mai yawo a kan ruwa da aka buɗe a Liwatoni a ƙarshen 2020, lokacin korona, ta ɗan sassauta a wancan lokaci, sai dai ita ma sai da aka riƙa janye tsakiyarta jiragen kaya su wuce, don haka safe da yamma kawai aka riƙa binta.

Arewacin gari ma ba a huta ba. Tun 1980 gadar Nyali ɗaya ce ke ɗauke da duk masu zuwa Bamburi, Shanzu, Mtwapa har Malindi, ga kasuwar Kongowea a bakinta. Mota ɗaya ta lalace a kai da yamma, rabin gari ya tsaya. Ta yamma kuma tireloli ne a Changamwe da Jomvu, masu kai kwantena Yuganda, Ruwanda, Sudan ta Kudu da gabashin Kwango. Wanda ya san Apapa ta Legas ya san irin abin. A watan Disamba mutanen Nairobi kan sauko hutu da motocinsu, kuɗin matatu, wato ƙananan motocin haya, ya tashi, kuma talakan gari ne ke biya.

An saba ɗora laifin a kan 'yan tuktuk, wato a-daidaita-sahu, da 'yan acaɓa da a nan ake kira bodaboda. Gaskiya suna tsayawa inda suka ga dama. Amma garin da ya haura mutum miliyan ɗaya, babu manyan motocin haya na gwamnati masu tashi kan lokaci, me ake so mutane su hau? Lungunan tsohon gari ma tuktuk da bodaboda ne kaɗai ke iya shigarsu.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfin hukuma ba. A ƙara jirage a lokutan asuba da magariba, a kuma riƙa gyara su kafin su lalace. A ware ƙofa ta tsofaffi, masu juna biyu da ƙananan yara. A tabbatar jirgin Mtongwe yana aiki kullum don ya rage wa Likoni nauyi. Babbar gadar Mombasa Gate da aka daɗe ana maganarta, wadda za ta haɗa tsibirin da kudu, in za a gina ta, a shirya yadda motocin haya masu araha za su bi ta, kada ta zama ta masu mota kaɗai.

Roƙona gare ka kuma, in za ku sake shiri kan Mombasa, ku turo wakilinku mashigar Likoni da ƙarfe shida na safe, ranar Litinin. Ya shiga rumfa tare da mu, ya tsallaka a ƙafa, ya miƙa wa matan Kongowea makirufo.

Wassalam.

Mai sauraronku a kullum,
daga Likoni, Mombasa