Shin ɓallewa daga aikin malamina butulci ne?

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aikinka na wannan fili, na rubuto ne domin neman shawararka a kan wata rigima da ta shiga tsakaninmu masu kula da wata buɗaɗɗiyar manhaja, wadda ta yi tsamari har matasan cikinmu suka ce sai an raba gari, kuma ni suke so in shige musu gaba.

Manhajar tamu ta rubutun Hausa ce a waya: allon rubutu mai ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, tare da ƙamus da yake ja wa kalma layi idan an rubuta ta ba daidai ba. Dukkan kod ɗinta, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, yana kan GitHub, shafin da masu gina manhaja suke ajiye aikinsu, a ƙarƙashin lasisin GPL siga ta 3, wanda ya ba kowa izinin ya ɗauka, ya gyara, ya rarraba, da sharaɗin abin da ya rarraba ɗin shi ma ya zauna a buɗe. Mu uku ne masu kula da aikin. Wanda ya assasa shi malamina ne, a hannunsa na koyi sana'ar tun ban san yadda ake buɗe ma'ajiyar kod ba, shi ya tsaya mini na samu aikina na farko, kuma mahaifina yana ɗaukarsa tamkar ƙaninsa. Ta ukunmu wata 'yar'uwa ce mai kula da ƙamus. Sai dai manyan makullai duk suna hannunsa shi kaɗai: shi ne mamallakin ma'ajiyar, da sunansa aka yi rajistar adireshin shafinmu, kuma ta asusunsa manhajar take fita a Play Store.

Abin ya samo asali ne daga wani saurayi ɗan Maraɗi da ya fara aiko mana da gudummawa. Kamar yadda ka sani, abin da muke rubutawa 'y a Najeriya, a Nijar ƴ suke rubuta shi, saboda haka duk sanda malamin makaranta a Damagaram ya buga ƴaƴa, sai ƙamus ɗinmu ya ja masa jan layi kamar wanda bai iya harshensa ba. Yaron nan ya zauna ya rubuta gyara mai tsabta, wanda zai ba mutum damar zaɓar ƙa'idar rubutun da yake so tun ranar da ya sauke manhajar. Na karanta gyaran layi-layi, na gwada shi a tsohuwar waya da sabuwa, ban ga aibunsa ba, na sa hannu. Amma al'adarmu ita ce duk abin da ya taɓa tsarin allon rubutu sai malamina ya amince. Gyaran ya yi watanni babu wanda ya kula shi, sannan wata safiya malamin ya rufe shi da jimla ɗaya, cewa daidaitacciyar Hausa ɗaya ce. Da yaron ya sake buɗe maganar cikin ladabi, ya kawo hotunan littattafan firamare na ƙasarsu a matsayin hujja, sai aka kulle zauren tattaunawar baki ɗaya, aka cire shi daga rukuninmu na WhatsApp. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin na san yaron da kuɗin datarsa yake wannan aiki, babu mai biyansa ko sisi.

Ana cikin haka sai wani kamfani ya zo da tayin ɗaukar nauyin aikin, da sharaɗin sababbin abubuwan da za a ƙara su zama a rufe. Malamina ya karkata ga tayin. 'Yar'uwar nan ta tunatar da shi cewa babu ɗayanmu da ya taɓa sallama masa haƙƙin mallakar abin da ya rubuta, don haka ba zai iya sauya lasisin ba sai da yardar duk wanda yake da kod a ciki, ko kuwa a cire nasu a sake rubutawa. Gaskiya ta faɗa, amma ta faɗe ta a fili inda kowa yake karantawa, shi kuwa ya ɗauke ta rashin kunya, ya rage mata ikon shigar da gyara.

Adalci ne in faɗi nasa ɓangaren. Shekaru da dama daga aljihunsa yake biyan kuɗin saba, wato kwamfutar da take ɗauke da shafinmu, da na adireshi, shi yake amsa koke-koken masu amfani da manhajar da tsakar dare, kuma ya gaji. Tsoronsa na miƙa makulli ga wanda bai taɓa gani ido da ido ba yana da tushe. Yakan kawo misalin abin da aka gano a manhajar xz a watan Maris na 2024, inda wani ya daɗe yana taimaka wa mai kula da ita da aiki ya yi wa yawa, har ya samu amana, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse a ciki. Na yarda da shi a kan hattara. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da hattara hujjar toshe bakin kowa.

Yanzu matasan sun ce mu ɗauki kwafin aikin mu ci gaba da shi da sabon suna, abin da masu sana'ar ke kira fok. Lasisi bai hana mu ba, kuma suna kawo mini tarihin wasu buɗaɗɗun manhajoji. Suna cewa LibreOffice ta ɓalle daga OpenOffice a 2010 bayan Oracle ya sayi Sun, kuma yawancin masu aikin ita suka bi. Suna cewa io.js ta ɓalle daga Node.js a ƙarshen 2014 saboda rashin jin daɗin yadda kamfani ɗaya yake riƙe da ragama, kuma ɓallewar ce ta jawo aka kafa gidauniya da kwamitin fasaha, aka sake haɗewa a 2015. Ni kuma nakan tuna musu da Libav, wadda ta ɓalle daga FFmpeg a 2011: an yi shekaru ana aiki ɗaya sau biyu, Debian, wani babban tsarin gudanar da kwamfuta, ta koma Libav sannan ta dawo FFmpeg a 2015, daga ƙarshe aikin Libav ya tsaya. Waɗancan suna da ɗaruruwan hannuwa. Mu ba mu cika tafin hannu biyu ba, kuma ina tsoron mu zama kamar 'yan gida ɗaya da suka raba gandu, kowa ya tashi da abin da ba zai ciyar da shi ba.

Akwai kuma masu amfani da manhajar, waɗanda akasarinsu malaman makaranta ne da 'yan jarida da marubuta, ba su san GitHub ba, ba ruwansu da rigimarmu. Tunda sunan manhajar da asusun Play Store duk na malamina ne, sabuwar manhajar ba za ta shiga wayoyinsu a matsayin sabuntawa ba. Sai kowa ya nemo ta ya sauke da kansa, ya rasa kalmomin da tsohuwar ta koya daga rubutunsa idan ba mu yi masa hanyar kwashe su ba. Ƙamus ɗin da muka sha wahalar tarawa shi ma zai rabu biyu.

Kafin a kai nan na gwada hanyar sulhu. Na ba shi shawarar mu yi irin abin da masu Python, wani yaren rubuta manhaja, suka yi bayan Guido van Rossum ya sauka daga shugabanci a 2018, suka koma zaɓen majalisar mutum biyar. Na ce mu rubuta ƙa'ida: gyara ya shiga idan biyu cikin uku sun amince, makullai su kasance a hannun fiye da mutum ɗaya, kuma kada a kori kowa sai an faɗi laifinsa. Ya ce zai yi tunani, kuma har yau shiru.

Inda na fi buƙatar haskenka, Malam, shi ne nan. Ƙa'idar buɗaɗɗen aiki ita ce a yi magana a fili, a rubuce, domin ɗan Maraɗi da ɗan Kumasi su ga yadda aka yanke hukunci. Tarbiyyar da aka yi mini kuwa ta hana ni ƙalubalantar wanda ya koya mini sana'a a gaban yara. Shin in fara zuwa gidansa da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ko kuwa yin haka zai zama na sake mayar da aikin jama'a maganar cikin zaure, wanda shi ne ainihin abin da matasan suke kuka da shi? Idan na je ya ƙi, wa'adi nawa ya dace in ba shi kafin mu ɓalle? Kuma idan ɓallewar ta zama dole, na ƙudurta sunansa zai zauna a kan duk abin da ya rubuta, kamar yadda lasisi ma ya wajabta, za mu riƙa tura masa duk gyaran tsaro da muka yi, kuma ba zan yarda a zage shi a cikin sanarwarmu ba. Ina so ka gaya mini ko wannan ya isa ya fitar da ni daga butulci a wurin Allah da wurin mutane, ko kuwa ya fi dacewa in bar matasan su tafi da wani jagoran, ni in zauna tare da shi ina ci gaba da lallashi.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naka mai bibiyar wannan fili,
daga Zariya