Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Bauchi

Assalamu alaikum, mai girma Kwamishina. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ilimin da aka samo a jiharmu yake tsayawa a ofis, ba ya isa ɗakunan da mata ke naƙuda da jego.

Kun san binciken da aka yi a Ƙaramar Hukumar Toro, inda mata suka riƙa shiga gida-gida suna zama da masu juna biyu, maza kuma suna zama da mazajensu, ana magana a kan aikin wahala lokacin goyon ciki, da dukan mata, da rashin shawara tsakanin miji da mata, da alamomin haɗari. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna matsalolin ciki da na bayan haihuwa sun ragu. Ba daga Turai aka kawo wannan hujja ba, matanmu ne suka buɗe ƙofofinsu aka same ta.

Duk da haka, a unguwarmu na tarar da jariri an gasa masa cibiya da tsumma mai zafi, an shafa man goge baki, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ba da shawarar maganin kilohekzidin, mai kashe ƙwayoyin cuta da ake shafa wa cibiya, ga haihuwar gida a wurare irin namu. Ungozomar ba muguwa ba ce. Babu wanda ya taɓa zama da ita. Malamar asibiti tana faɗin nata, mai kemis yana faɗin nasa, kaka tana da nata, mai jego kuwa tana tsakiya ba ta san wa za ta bi ba. Wannan rarrabuwar ce ke ci mini rai.

Roƙona shi ne a kowace gunduma a riƙa haɗa ungozomomi, ma'aikatan shiga gida, jami'in asibitin sha-ka-tafi da masu kemis duk wata, da wani daga masu bincike da zai fassara musu abin da aka gano cikin Hausa da Fulatanci, su kuma su faɗa masa abin da ba ya aiki a zaure. A ware wa zaman kuɗin mota a kasafi, domin alkawarin da ƙasashen Afirka suka yi a Abuja a 2001 na ware wa fannin lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ba na gine-gine kaɗai ba ne. 

Don Allah a fara da gunduma ɗaya kafin damina ta yanke hanyoyi.

Taku,
Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Bauchi