Kalmar "zur" ba ado ba ce da ake yi wa ƙarya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta jaridarku, kuma a kwanakin nan na lura cewa wasu marubutanku sun mayar da kalmar "zur" tamkar babbar riga da ake yafa wa "ƙarya" don ta fito da kwarjini. Idan ɗan siyasa ya yi alkawarin titi bai cika ba, sai a rubuta cewa ya yi zur, alhali wannan ba muhallin kalmar ba ne.

Daga Larabci kalmar ta shigo mana. Ta zo a Suratul Hajji, aya ta 30, inda aka haɗa umarnin nisantar ƙazantar gumaka da na nisantar maganar zur, ta kuma zo a Suratul Furƙan, aya ta 72, cikin siffofin bayin Allah na gari. A Larabci ma'anarta tana da faɗi, amma Bahaushe ya taƙaita ta, har ya zama da wuya ya furta ta ba tare da "shaida" ta gabace ta ba. Shaidar zur ita ce mutum ya tsaya gaban alƙali, ko wurin rabon gado, ko inda ake jayayya kan iyakar gona, ya rantse cewa ya gani alhali bai gani ba, don a danne haƙƙin wani. Saboda nauyinta ne Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa Annabi (SAW) yana kishingiɗe, da ya zo kanta cikin manyan zunubai sai ya tashi zaune yana ta maimaita ta. Ita ma dokar hukunta laifuka ta Penal Code, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ta tanadi ɗauri ga mai ba da shaidar ƙarya a kotu.

Ga sauran nau'o'in rashin gaskiya kuwa, Hausa ba ta rasa suna ba. Wanda aka ba amana ya ci, ha'inci ya yi. Mai zuba ruwa a madara, algus. Mai karɓar kuɗin mutane da daɗin baki, zamba. Shi kuwa ɗan siyasan nan, saɓa alkawari ya yi, ko kuma a faɗa masa kai tsaye cewa ƙarya ya yi.

Ina roƙon ku bar "zur" ga labaran kotu da shaidu, domin yaranmu daga shafukanku suke koyon rubutacciyar Hausa.

Naku,
Wani tsohon malamin Hausa, Zariya