Kafin a Goge Kwamfuta Don Manhaja Ta Ƙi Hawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini don jan hankalin masu amfani da Windows. Da zarar manhaja ta ƙi hawa ko ta ƙi fita, sai ka ji an ce a goge kwamfutar a ɗora mata sabon Windows. Galibi abin bai kai nan ba. Wasu 'yan fayiloli ne na cikin Windows suka lalace, ko don an kashe na'urar ana tsakiyar sabuntawa, ko faifan ajiya ya fara gajiya.

A fara duba lambar kuskuren da ta fito a allo. In 1618 ce, wata manhajar ake ɗorawa a bayan fage, a jira ta gama ko a sake kunna kwamfutar. In 1719 ce, Windows Installer ne bai amsa ba, wato ɓangaren da ke ɗorawa da cire manhajojin .msi. A buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, da izinin shugaba (Run as administrator), a rubuta msiexec /unregister, sannan msiexec /regserver. Ita kuwa 1603 ba ta faɗin komai sai cewa aiki ya rushe.

Idan matsalar ta ƙi tafiya, akwai gyara guda uku da ake rubutawa a Command Prompt ɗin, kuma jerinsu na da muhimmanci. Na farko chkdsk C: /f, wanda zai nemi a sake kunna na'urar don ya duba faifan. Na biyu DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth. Na uku sfc /scannow. Mutane da yawa sfc suke fara yi, sai ya ce ya ga ɓarna amma ya kasa gyarawa. Dalili shi ne sfc yana ɗauko lafiyayyun fayiloli ne daga rumbun WinSxS, to in rumbun kansa ya lalace, ina zai samo? DISM ne ke gyara rumbun ta hanyar Windows Update, don haka yana son intanet. Yakan tsaya cik na mintuna kamar ya daskare. Kada a rufe shi, aiki yake yi. In ya kawo 0x800f081f, bai samu fayilolin ba ne, sai a nuna masa fayil ɗin install.wim daga faifan ISO (wato fayil mai ɗauke da kwafin faifan ɗora Windows) da ya dace da irin Windows ɗin da ke kan na'urar, ta amfani da /Source da /LimitAccess.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne manhajar da ta ƙi fita. A cikin C:\Windows\Installer ne Windows ke adana kwafin bayanan da zai yi amfani da su ranar cirewa. Wurin yakan yi girma, shi ya sa masu neman fili suke share shi, wasu da hannu, wasu da manhajojin share fayiloli. Wannan ganganci ne. Da sfc da DISM babu mai dawo da abin da ke ciki, domin kowace kwamfuta da nata. Daga nan ne lambar 1612 take yawan fitowa, wato Windows bai ga fayil ɗin da aka ɗora manhajar da shi ba. Mafita ita ce a samo ainihin fayil ɗin da aka ɗora manhajar da shi, sigar nan tak, a nuna wa Windows shi in ya tambaya, sannan a cire.

Idan duk wannan bai yi ba, a buɗe ISO ɗin daga cikin Windows yana aiki, a danna setup.exe don sake ɗora Windows a kan wanda yake ciki, a zaɓi barin fayiloli da manhajoji. Sai harshe da nau'in Windows sun zo ɗaya wannan zaɓin zai buɗe, kuma a kwafe muhimman takardu zuwa wani faifan tukuna.

Wassalam,
Wasu masu gyaran kwamfuta