Amsar tambayarka kan itatuwan mangurof

Nima, Accra

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ka tambaye ni ko gaskiya ne mangurof, itacen nan da ke tsirowa a lakar bakin teku, na tsotse guba daga laka. To, akwai gyara a zancen. Dalma da jan ƙarfe da tutiya, irin waɗanda kogin Odaw ya daɗe yana kwasowa daga wajen ƙona wayoyin lantarki na Agbogbloshie zuwa tafkin Korle, ba sa ruɓewa. Ɗaure su kawai itacen yake yi a wuri guda.

Lakar da yake tsirowa a ciki baƙa ce wuluk, ba iska, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Warin na farar wuta ne, ita ce ke kama ƙarafan ta hana su narkewa cikin ruwa. Itacen kuma ta saiwoyin da ke waje yake numfashi: na irin da ake kira Rhizophora kamar ƙafafu, na irin da ake kira Avicennia kamar fensira a tsattsaye. Yana tura iskar ƙasa, kaɗan ta riƙa tsiyaya ta jikin saiwa. Ciro saiwa ɗaya ka ɗauraye, za ka ga jan tsatsa ya lulluɓe ta. Nan sauran gubar ke maƙalewa, abin da ke kaiwa ganye bai taka kara ya karya ba.

Baƙin mai daban yake. Ƙwayoyin bakteriya na gefen saiwa suna cinye shi sannu a hankali, amma in ya yi kauri sai ya toshe ƙofofin numfashin, itacen ya mutu a tsaye.

In za ku dasa, ku fara duba ruwan tukuna. Wurin da teku ke rufewa ta janye kullum ake so. Inda ruwa ke kwanciya, 'ya'yan shaƙewa suke yi. Ku soka kashi ɗaya cikin uku na kowane ɗan Rhizophora a laka, tazarar kamar mita 1. Kaguwa na yanke su, leda kuwa ta fi kaguwa ɓarna.

Abin da na fi ji muku tsoro shi ne yasa, wato tono lakar a kwashe. Da zarar an tono lakar nan ta sha iska, farar wutar ta koma asid, duk ƙarafan da aka ɗaure su sake bin ruwa. Haka ma in aka sare itatuwan don banda kifi, ƙasar ta bushe. Don Allah ku kai lakar a auna kafin kowa ya sa shebur.

Ka gaida su Hajiya da yara.

Naka amini